Gwangwanayen Mai Sikeli

Da safe aka kawo rahoton. An fasa ofishin ƙungiyar kare masu saye, an kwashe gwangwanayen madarar jarirai da za a kai gaban kwamitin majalisa da la'asar. In babu su, ƙarar ta mutu, gurɓatacciyar madarar ta ci gaba da zama a kantuna.

Sufeto ya san mai ofishin. Mai Sikeli ake ce masa, don da sikeli yake yawo a kasuwa, yana auna kayan mutane yana zazzaga musu rashin mutunci. In yana magana a rediyo, matar Sufeto har ƙure murya take yi. "Wannan shi ne namiji," haka take cewa, tana miƙa wa mijinta shayi ba ta ko dube shi ba.

Ya tarar da shi tsaye a bakin ƙofar da aka ɓalle, ƙarƙashin fostarsa ta takara. A hoton ya fi kyau.

"Sai yanzu?" in ji Mai Sikeli. "Da kazar wani babba ce ta ɓata, da tuni kun cika layin nan da jiniya."

"Wa kake zargi?"

"Mai sarin madarar mana. Sai na koya maka aikinka?"

Sufeto ya wuce shi, ya shiga. Ɗaki ɗaya ne, da tebur da kabad. Kabad ɗin cike da gwangwanayen madara tsirara, babu takarda a jikin ko ɗaya. Wani mai furfura na durƙushe yana tattara katakon ƙofa.

"Wane ne wannan?"

"Yayana. Yana ɗan taya ni."

Hannun yayan ya tsaya, sannan ya ci gaba da aikinsa.

"Me ya sa babu takardu a jikinsu?"

"Ɓare su muke yi, Yallaɓai," in ji yayan a hankali. "Don kada mai gwaji ya san na wane kamfani ne. Sai mu yi ɗan zane da ƙusa a gindi, don mu gane su."

"Waɗanne aka ɗauka?"

"Waɗanda aka gauraya da sitaci kaɗai."

Sufeto ya tarar da mai sarin a bayan kantinsa, kan tulin kwalaye, yana fifita da murfin kwali.

"Ban taɓa taka layin nan ba," in ji shi.

"An gan ka."

Sufeto bai ji haka daga kowa ba, jefawa kawai ya yi. Fifitar ta tsaya.

"To, na je. Roƙonsa na je yi. Ya tara mini jama'a, ya kira ni makashin jarirai. Ni na cika gwangwanin? Sarowa nake yi! Mutumin nan da wuyanmu yake yin tsani zuwa majalisa."

"Shi ya sa ka aika aka kwashe."

"Wallahi da zan aika, da duk mai shuɗiyar takarda na ce a ƙone, ba a ɗauka ba."

Sufeto ya dube shi da kyau. Mutumin bai ma san ana ɓare takardun ba.

Sufeto ya koma layin, ya zauna a teburin mai shayi da ke kallon ofishin. Bai gama tambaya ba gardama ta kaure.

"Kujera yake nema, ba mu ne a gabansa ba," in ji wani direba. "Jiya ya zagi jam'iyyar nan, yau ga hularta a kansa."

"Ya nemi gado ma in ya so," in ji wata mai ɗinki. "Tun da ya ce a daina madarar nan 'yata ta daina gudawa."

"Ke ma ai ya ce awonki na ƙarya ne."

"Bakinsa ne babu linzami. Amma kai, wa ka taɓa tsaya wa?"

Sufeto ya ji kamar muryar matarsa. A ransa yana fatan Mai Sikeli ne ya sace kayan da kansa don a tausaya masa a ba shi ƙuri'a. Har ya hango kansa yana ba da labarin a gida, yana kallon fuskarta. Ya ture kofin.

Mai shayi ya sunkuyo. "Yallaɓai, ƙungiyar nan fa yayan ne ya kafa ta, tun wancan yana makaranta. Shi ya koya masa riƙon sikeli. Yanzu ko a fosta babu shi."

Sufeto ya koma ofishin tare da Saje. Kan teburin akwai sikeli a lulluɓe da ƙyalle, ga ƙullin sukari a gefensa, an ajiye shi tsaf.

"Me ka yi na ƙarshe jiya?" ya tambayi Mai Sikeli.

"Ina auna sukarin can 'yan jam'iyya suka zo ɗaukata zuwa taro. Na kulle na fita."

"Ka sauke shi?"

"Ina na ga lokaci? A kai na bar shi."

"Da safe fa?"

Mai Sikeli ya dubi teburin, ya ɗaure fuska. "A lulluɓe haka na tarar da shi. Ni na fara isowa."

Sufeto ya juya ga yayan. "Kai fa, jiya?"

"Ban zo ba. Ciwon baya."

"To ɓarawon nan mai ladabi ne. Ya ɓalle ƙofa, ya zaɓi gwangwani da zanen ƙusa, sannan ya tsaya ya sauke sukari, ya lulluɓe sikeli." Sufeto ya yaye ƙyallen, ya ɗora ƙullin a kai. "Saje, a bar shi haka har a gama bincike. Ko da wata guda ne."

Yayan ya zuba wa allurar sikelin ido.

"Ba a barin nauyi ya kwana a kan sikeli," in ji shi. "Kashe shi yake yi." Ya juya ga ƙanensa. "Sau nawa zan gaya maka, Auta? Sau nawa?"

Sufeto ya matso kusa da yayan.

"Ina gwangwanayen?"

"Suna gidana, cikin akwati. Ban buɗe ko ɗaya ba." Ya zauna a bakin teburin. "Ni na ɗanɗana na ji sitaci. Ni na bi kantuna da ƙafata. Shi kuwa ya hau rediyo yana cewa na gano, na gano. So nake ya tsaya gaban kwamiti hannu wofi, ya ji yadda ake ji. Sannan in shigo da su."

"Da ran jarirai ka yi wannan wasan?" in ji Mai Sikeli. "Don a tafa maka?"

Yayan ya tashi daga bakin teburin. Ya miƙa hannuwa, Saje ya sa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Auta. In ka je, ka ce musu ni na gano."

Mai Sikeli ya riga ya kara waya a kunne, ya juya musu baya.

"Gidan rediyo? Ku turo wakili majalisa. Na gano gwangwanayen."