Alawar Birgediya

A tashar bas ta Downtown, tsakiyar gari, Tassiou ya fara ganin Kouloussoum, a shekarar 2006. Sati biyu yana gaishe ta kafin ya yi ta maza ya miƙa mata wani ƙaramin kwali. Ta buɗe, sai ga wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule, jikinsu duk burbushi.

"Subhanallahi! Kashin raƙumi ka kawo mini?"

"Cakulan ne, Kulu. Brigadeiro. Wata 'yar Brazil ce ta koya mini a gidan burodin da nake aiki. Da hannuna na mulmula."

Da hannu! Don kunya ta gutsura, zaƙi ya shaƙe ta, abin ya manne mata a haƙora kamar danƙo. Tir! Amma yaron ga ladabi ga murmushi, sai ta haɗiye ta ce ya yi daɗi. Ta kuwa jawo wa kanta, don kowace Juma'a sai kwali ya iso gidansu a unguwar Glenwood.

Ranar da ya zo gaida mahaifiyarta, Hajiya Hamsatou, faranti guda ya ciko. Hajiya ta yatsine fuska.

"Mece ce wannan ƙazantar?"

"Brigadeiro, Mama. Da yaren Fotugal yana nufin birgediya, hafsan soja. An ce matan Brazil ne suka yi ta don wani birgediya da ya nemi shugabancin ƙasa."

"Ya samu?"

"Ya faɗi, Mama."

"To kai ma haka. Neman aure ba goro? Issaka, da shi ma yake neman ta, huhu guda ya aiko daga New York. In akwai mai iya cin wannan a gidan nan, na yarda da kai."

Kouloussoum ta jawo farantin. Ɗaya, biyu, har bakwai, idonta na zubar da ruwa.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ke da kike jefa kwalayen nan a kwandon shara duk Juma'a? Ya isa haka, kar ki mutu mini. Tassiou, turo manyanka."

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Kuluna, wata shida kina shan azaba ban sani ba? Na tuba. Daga yau sai goro."

Ta mayar: "Birgediyana, abinka ba daɗi wallahi. Kai ne da daɗi."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, aka raba goro da dabino. Hajiya ta sa musu albarka, ta roƙa musu zuri'a ɗayyiba, sannan ta nuna ango da yatsa.

"Amma jikokina, ko ɗanɗane ban yarda ba."