Keken Yaya

"Kada ki kalli katakon, Auta. Kalli inda za ki sauka."

Muryar Mai Gyara, saurayin Auta, a kwance take. Keken Yayanta ne a ƙarƙashinta, wanda ya shekara biyu a rataye tun ranar da Yayan ya ci karo da dutse, ya faɗi bai tashi ba. A makon ne Mai Gyara ya ɗaure masa birki, shi ya sa Mama ta rantse ba zai auri 'yarta ba. Ɗan Goggo kuwa, da yake shi ma yana neman aurenta, kullum cikin rura wutar yake.

Wata uku Mai Gyara yana koya mata tsallake katako da wani keken daban a filin bayan tsohuwar masaƙa. Ta ɗaga daga kujera, ta saki gwiwa, ta ja kan keken sama har tayar gaba ta haye. Kuma komai tsoro, ba a damƙe birkin gaba. Abin da ke tayar mata da tsigar jiki shi ne, kowace safiya sai su tarar da sawun taya ɗaya ya riga su tsallake katakon.

"Ba ni ba ne, rabin raina," ya sha gaya mata. "Wallahi ba ni ba ne..."

Yau ta sauko da keken Yaya da kanta, don Mama ta ga birkin da idonta. Ga Mama a bakin fili, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Sauka! Ɗaya bai ishe ni ba?"

"Mama, ba wanda ya taɓa keken nan tun ranar. Ki duba kawai."

Auta ta taka keken. Filin ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Katakon na matsowa, idonta ya kafe a kansa, yatsunta suka nufi birkin gaba.

Sai ƙararrawar keken ta kaɗa. Biyu a jere, sannan ɗaya.

Ta ɗago kai a firgice, ta ja, keken ya haye sumul. Can gaba ta matsa birki a hankali, ya tsaya cak.

Ƙararrawar ta fashe tun ranar haɗarin, duk sun sani. Kuma haka Yaya yake kaɗa ta a ƙofar gida in ya dawo.

Mama ta tako, ta matsa birkin sau uku, ya kama gam. Hawaye ya zubo mata.

"Shekara biyu ina ɗora maka abin da ba ka yi ba," ta ce wa Mai Gyara. "Ka yafe min, ɗana. Ka turo manyanka."

Ya durƙusa a gabanta.

Washegari Auta da Mai Gyara suka koma filin, tana addu'a a zuci. Ƙasar a shafe take, babu sawun kowa. Ta zauna a kan katakon ta yi kuka, don sai a ranar ta ji Yaya ya tafi.