Lambar da ke kan katin Bakwai

"Ka cire lambata daga katin nan!"

Ta tsaya a bakin ɗakin rediyo, ta cika ta yi fam, katin da ya cike ɗazu a hannunta.

Direban ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ta. Bakwai kowa ke ce masa a ƙungiyar agajin, saboda lambar da ke jikin motarsa, har ita ma da ke sonsa ba ta da wani sunan da ya fi mata wannan daɗi.

"Gimbiya, da sassafe haka?"

"Kar ka ce min Gimbiya! Ka yi wa Abba alƙawari ka bar hanyar nan. A gabana ka yi!"

Ƙa'idar wurin ce, duk direban da zai shiga yankin da ake rikici sai ya cike ɗan kati, ya rubuta lambar wanda za a kira idan bai dawo ba. A sa a ambulan, a liƙe, a ajiye a durowar Manaja. Ita mai rediyo ce, aikinta ta bi ayarin motoci da murya daga fitarsu har dawowarsu, kuma ta san katin nan sanin da ba ta so. Shekara biyu da suka wuce an buɗe na Yayanta, lambar Abba ce a ciki. Abban na cin abincin rana kiran ya shigo. Har yau in baƙuwar lamba ta kira shi sai dai ya zuba wa wayar ido ta gaji ta tsinke.

"Ki saurare ni," in ji Bakwai. "Gwamnatin ƙasar da ke turo kayan nan ta ce ta rufe hannu, abin da ke sito shi ne na ƙarshe. Wata uku garin can babu abin da ya shiga. Yau kaɗai masu bindiga suka yarda a wuce, zuwa ƙarfe huɗu. Huɗu na yi, ba ruwansu da tutar kowa."

"Akwai direbobi shida ban da kai."

"Sababbi ne. Babu wanda ya san mashigar kogin nan a cikinsu. Abincin yara masu tamowa na ɗauko, Gimbiya... kin ji muryar likitar can da kunnenki."

Ta ji kuwa. Kullum ita ke karɓar kiran likitar, kullum adadin yaran sai ya ragu, ba kuma don sun warke ba.

Amma jiya ma ta ji wata muryar. Mai kula da sito, wanda ya daɗe yana mata shisshigi tana share shi, ya ɗauki takardar sunayen ayarin har falon Abba, wai gaisuwa ya je. Gaisuwa da takarda a aljihu! Abba ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Na binne ɗa saboda hanyar nan. Ba zan aurar da 'yata ga takaba ba. Ki ce masa na janye maganata." Umma kuwa gefen mayafi kawai ta kai idonta.

"Ko ni, ko hanya," ta ce.

Ya yi ƙasa da kai.

"Wannan ce ta ƙarshe, wallahi. In na dawo ni da kaina zan je in durƙusa wa Abba."

"Haka Yaya ya ce."

Ta miƙa masa sabon kati, fari fes.

"Ba zan karɓi kiran nan ba, Bakwai. Ba zan iya ba. Ka rubuta wani."

"To wa zan rubuta? Kin san ba ni da uwa, ba ni da uba."

"Ka rubuta kowa!"

Ya karɓa. Ya juya mata baya ya jingina katin da bango ya yi rubutu, ya sa a ambulan ya liƙe da kansa. Tsohon katin kuma ta yayyaga shi a gabansa. Ya yi ɗan murmushi mai ciwo, ya ce, "Ko Allah ya kiyaye hanya ba za a ce min ba?"

Ba ta ce ba. Zuciya ta ci ta, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ƙarfe bakwai suka tashi. Duk awa ɗaya kowane direba yake kira ya faɗi inda yake, ita kuma ta matsa 'yar ƙusar motarsa gaba a kan taswirar bango. Da can in layi ya zo kan Bakwai sai ya sako zolaya, ya tambayi ko mai rediyo ta karya kumallo, sauran direbobi su yi ta dariya. Yau babu.

"Ofis, Bakwai ne. Mun wuce shinge na biyu."

"Na ji."

Iyakarta ke nan. Ta saki madannin.

Da azahar muryar likitar ta shigo, kuka da dariya a haɗe. "Sun iso! Ofis, sun iso! Allah ya saka muku..." Mai rediyo ta kifa kai a tebur ta yi hamdala. Nan take ta yanke shawara, in ya kira a hanyar dawowa za ta faɗa masa "Allah ya kiyaye hanya" ɗin da ta hana shi, ko duk duniya na ji.

Ƙarfe uku ya kira.

"Ofis, Bakwai ne. Muna bakin kogi. Motar Biyar ta kafe a tsakiya, zan koma in janyo ta."

Ta dubi agogo.

"Bakwai, saura awa ɗaya. Ku bar motar!"

"Direban na ciki, ruwa ya danne ƙofa. Minti ashirin kawai."

"Bakwai..."

Manaja na tsaye a kanta, mai sito na leƙe ta taga. Maganar ta zo har bakinta, kunya ta maƙale ta.

"Na ji," ta ce.

Huɗu ta yi. Huɗu da kwata. Ta kira shi sau goma sha ɗaya, babu abin da ke dawowa sai shuuu na iska.

Huɗu da rabi rediyon ya buɗe. Shida ne, yana haki.

"Ofis... mun haye. Biyar ya haye, yana tare da ni. Bakwai ya fito da shi, yana kwance igiya suka buɗe wuta daga tsallake... Mun ɗauko shi. Ofis, kina ji na? Ya cika a hannuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna tana kallon ƙusar nan ta bakwai a bakin shuɗin layin kogi. Mai sito ya sulale daga taga, babu wanda ya bi ta kansa.

Manaja dattijo ne, ya yi wannan aikin sau da yawa, bai taɓa sabawa ba. Ya jawo durowa, ya zaro ambulan, ya yage bakinta. Ya ja wayar ofis yana danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana share ido da bayan hannu.

Ta runtse nata idon. Tausayin wanda za a kira ya kama ta, ko wane ne shi, yana can yana harkarsa bai san komai ba.

Sai waya ta fara ƙara a cikin jakarta.

Manaja ya ɗago a firgice. Ya dubi jakar, ya dubi katin, ya juya bayan katin. Bai iya karantawa da baki ba, sai ya tura mata a kan tebur. Rubutun Bakwai ne, karkatacce saboda bango.

"Na yi ta tunani, Gimbiya, ban samu kowa ba. Ki yafe min."

"Yarinyata," in ji Manaja, muryarsa a dushe, "ban sani ba. Bari in kashe."

"Kar ka kashe, Yallaɓai."

Ta buɗe jakar da kyar, ta ciro wayar. Hawaye sun hana ta ganin madannin, sai da ta lalubo shi. Ta kara a kunne, tana kallon dattijon da ke taku biyu daga gare ta riƙe da tasa wayar.

"Salamu alaikum," ta ce. "Ni ce. Ni ce iyalinsa... ka faɗa min."