Mahayin da Daddy Ya Tafa Wa

"Tura ni gaba mana, Retta! Daga nan ba abin da nake gani sai ƙeyar mutane!"

"Daddy, laka ce a wurin. Keken zai kafe."

"To ya kafe! Tsallaken ruwa na zo gani!"

Na cije leɓe na tura keken guragun har bakin igiyar da ta tare 'yan kallo. Asabar ce, ranar sukuwar fili da tsallake shingaye a babbar gasar dawaki ta Lexington, jama'a sun cika ciyawar da kujerunsu da karnukansu. Ni ban so zuwa ba. Daddy ne ya nace, shi da ya haramta ko ambaton gasar a gidanmu tun ranar da doki ya faɗo wa yayana Emmett a kan shinge, ya mutu nan take.

A kan haka ya raba ni da saurayina Boone Tackett, wanda shi ma mahayi ne.

"Ko ya bar tsallake, ko ya bar ki," in ji shi a lokacin. "Na binne ɗa, ba zan zuba ido ki binne miji ba!"

Boone ya riƙe hannuna a bakin barga yana roƙona. "Zuciyata, ki biyo ni Virginia. Zai huce... iyaye suna hucewa."

Har na haɗa kaya. A makon ne ɓarin jikin Daddy ya shanye. Mama ta daɗe da rasuwa, wa zan bar wa shi? Boone ya yi ta kira, ya yi ta jira, har ranar da na ce masa cikin kuka ya daina.

Usur ya katse mini tunani. Wata 'yar firit daga New Zealand ta shigo ruwan a kan wani ƙaton farin doki, ta fice ko gezau. Bayanta wani dattijon Bature ya faɗo daga doki tsundum cikin ruwan, aka yi ta dariya ana masa tafi.

Sai lasifika ta kira sunan Boone.

Ga shi nan tafe a kan jar goɗiya, ya ɗan rame, amma zamansa a sirdi yana nan yadda na sani. Goɗiyar ta tsallake gungumen da ke bakin ruwan, ta dira cikin ruwa, sai ƙafarta ta gaba ta lanƙwashe. Jama'a suka saki ihu! Na runtse ido... Da na buɗe, ya sakar mata linzami, ya kwanta baya, ta miƙe da kanta, suka haye shinge na gaba kamar ba abin da ya faru.

"Kin ga hannu?!" Daddy yana dukan cinyarsa da hannunsa mai lafiya. "Kin ga yadda ya ba ta kanta? Wannan shi ne mahayi! Duk sauran 'yan rakiya ne!"

Na tsaya ina kallonsa. "Ka san ko wane ne kake yaba wa?"

"Don shi na zo." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ina kallonsa a talabijin in kin fita cefane. Na zalunce ki, 'yata. Je ki kira min shi... zan ba shi haƙuri da bakina."

Ban san sanda na fara gudu ba. Takalmina ya cika da laka, ban damu ba. A wurin da ake ƙare tsere na same shi, ana kwarara wa goɗiyar ruwan ƙanƙara, shi kuma yana cire hular kwano.

"Boone!"

Ya juyo. Fuskarsa ta yi haske, sannan hasken ya gushe.

"Retta... ke ce?"

"Daddy yana nan. Shi ya aiko ni, ya yarda! Boone, ya yarda..."

Wata doguwar mace da soso a hannu ta zagayo daga bayan goɗiyar, cikinta ya turo rigar gaba. Ta sumbaci kumatunsa.

"Ka kusa sa ni haihuwa a wurin nan, mugu!" Ta dube ni da murmushi. "Baƙuwa muka yi?"

"Hollis, wannan Retta ce, ƙanwar Emmett," ya faɗa yana kallon ƙasa. "Retta... matata."

Ƙanwar Emmett. Abin da na zama ke nan.

"Ka yi hawa mai kyau," na ce. Na juya kafin su ga idona.

Na tarar Daddy ya gyara hularsa, ya ɓalle maɓallin riga ya mayar a karkace, yana leƙen bayana.

"Yana ina? Yana tafe?"

"Ya yi aure, Daddy. Matarsa ta kusa haihuwa."

"Retta... ki yafe..."

"Da ka tafa masa tun ina da shi."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya fashe da kuka a tsakiyar mutane, yawu na zubo masa ta gefen da ya shanye. Na tsaya ina kallonsa, raina na ƙuna, ina so in tafi in bar shi nan. Wani doki ya wuce, jama'a suka ɗauki shewa.

Sai na ciro hankici, na durƙusa a cikin lakar na goge masa baki. In ban goge ba, babu mai gogewa.