Ɗigo Uku

"Wa ya ba ki wannan abin?"

Yaya ya ɗaga 'yar farar na'urar sama, igiyar wutarta na reto, ragowar ruwan cikinta na ɗiga a kan daɓen asibitin. Duk warin maganin da ke barandar bai hana ƙamshin na'a-na'a tashi ba.

Auta ta kasa ɗago kai. A bayan ƙofar da ta jingina da ita mahaifiyarsu ce kwance, an rufe mata hanci da baki da robar iska.

"Da ke nake magana."

"Ni na ba ta, Yaya."

Ba ta ma san ya iso ba. Saurayinta ne, mai haɗa magunguna a wani kanti, ko farar rigar aikinsa bai tsaya cirewa ba.

"Kai ka ba ta? Ka san Mama na da asma?"

"Na sani."

"Ka yi wa yarinyar nan bayani?"

Ya juyo ya dubi Auta. Kallo ɗaya, ba faɗa a ciki, jira kawai yake ta buɗe baki. Ita kuwa ta zuba wa yatsun ƙafarta ido. A jakar da ta rungume akwai wata 'yar takarda da ta ɓanɓaro daga bangon ɗakinta kafin su fito.

"Laifina ne," ya ce a hankali. "Ban yi bayanin da ya kamata ba."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma daga shi sai ita suka sani.

Auta zanen gidaje take yi a kwamfuta, a ɗan teburin da ke kusurwar ɗakinta. Hannu gare ta, ba a musu, sai dai hankalinta ba ya zama wuri ɗaya. Ta ja layi biyu ta ɗauki waya, ta auna ƙofa ta tuna ba ta shanya wanki ba. Shi ya sa ya kawo mata na'urar. A zuba ruwa, a ɗiga man na'a-na'a da na lemun tsami, sai ta riƙa fitar da siririn tururi mai sanyin ƙamshi. Ko man ne, ko son mai man ne, ita dai aikinta ya fara tafiya.

Ranar da ya kawo, da hannunsa ya rubuta ƙa'idojin, ya sa ta manna su saitin idonta: ɗigo uku kawai, rabin awa ki kashe, taga a buɗe, kar Mama ta shigo in na'urar na aiki. Tsabar maimaitawarsa ta sa ta raɗa masa Ɗigo Uku, gidan duka suka ɗauka.

Sai ga zanen wata makaranta da za ta miƙa ƙarfe huɗu na yamma, mafi girman aikin da aka taɓa ba ta. Tun safe kanta ya cushe. Ta ce in uku na taimako, ai sha biyar sai ta fi. Ruwan sama ya sauko, ta rufe taga. Ta toshe kunnuwa da abin saurare, ta manta da kashewa, ta manta da duniya.

Ba ta ji shigowar Mama ba. Ba ta ji tarin ba. Sai da kofin shayin da aka kawo mata ya tarwatse a ƙasa, ruwan ya taɓa ƙafarta, sannan ta waiwaya.

"Maganar aurenku ta mutu," in ji Yaya a barandar asibitin, yana nuna saurayin da na'urar. "Dama ni tun farko hankalina bai kwanta da kai ba."

Ɗigo Uku ya leƙa Mama ta gilashin ƙofa, ya juya ya tafi.

Kwana uku Auta ba ta iya haɗiye abin kirki ba. Abin da ya ƙara dagula ta shi ne abokin Yaya, wani ɗan kwangila da ya daɗe yana shawagi a kanta. Kullum sai ya zo dubiya da kwandon 'ya'yan itace, da dogon jawabi.

"Irin waɗannan mutanen ba a ƙyale su," ta ji yana ce wa Yaya a baranda. "Ka rubuta wa hukumar da ta ba shi lasisi. Ni zan kai takardar gobe da kaina."

Ta san shekarun da Ɗigo Uku ya kwashe yana karatu kafin ya sa farar rigar nan.

Da rana tsaka ta isa kantin. Yana ƙirga ƙwayoyi cikin 'yar leda, bai ɗago ba sai da ya sallami tsohuwar da ke gabansa.

"Ya jikin Mama?"

"Da sauƙi. An cire mata robar." Ta matso kusa da shi. "Masoyina... za su kai ƙararka."

"Na ji."

"Me ya sa ka ce laifinka ne?"

"Na ga yadda kike rawar jiki. Na ce bari in tare miki na ranar, gobe in kin nutsu kya faɗa da kanki." Ya ɗaure bakin ledar. "Gobe ta zo ta wuce. Jibi ma haka."

"Tsoro nake ji. Ta yaya zan dubi Yaya in ce ni na kusa kashe uwarmu?"

"Ba ki yi niyya ba, zuciyata. Kuskure ne, kowa na yi."

"To ka yafe min..."

"Ɗigon na yafe tun a asibiti. Shirun ne ban san yadda zan yi da shi ba." Sai yanzu ya dube ta, idanunsa sun kaɗa. "In an ƙwace lasisin zan nemi wata sana'a. Amma ki gaya min, ta yaya zan zauna gida ɗaya da wadda ta ga ana yanka ni ta kawar da kai?"

Ta fito tana share hawaye da bakin mayafi, har mai mota ya yi mata tsawa a kan titi ba ta ji ba.

A ɗakin asibitin ta tarar da Yaya zaune, takardar ƙarar a kan gwiwarsa, ɗan kwangila na miƙa masa biro. Mama na jingine da filo, ta rame, numfashinta na fita da ɗan sauti.

Auta ta buɗe jaka. Ta ajiye 'yar takardar a kan takardar ƙarar, har da guntun fentin bango a jikin gam ɗin.

"Karanta, Yaya."

Ya karanta. Ya sake karantawa.

"Sha biyar na sa," ta ce. "Na rufe taga. Tun safe ban kashe ba. Ya gaya min komai, ni ce ban ji ba... kuma ni na cire takardar don kar ka gani."

Ɗan kwangila ya yi gyaran murya. "To ai duk da haka..."

"Bawan Allah, ɗan ba mu wuri," in ji Mama.

Ya tattara babbar rigarsa ya fice, ko biron bai tsaya karɓa ba.

"Na san da takardar," Mama ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Yaron nan har ɗakina ya zo ya ce, Mama, in kin ji ƙamshin kar ki shiga. Na ji, na shiga. 'Yata tun safe ba ta sa komai a ciki ba, zan tsaya bin dokar likita?"

"Mama, me ya hana ki faɗa?" Yaya ya tambaya.

"Nawa laifin zan faɗa kafin ka sa hannu. Nata nake jira in ga ko za ta iya." Ta dubi Auta. "Kin daɗe, amma kin iso."

Auta ta kifa kai a gefen gadon ta fashe da kuka.

Yaya ya daɗe yana kallon takardun biyu. Ya yage tasa gida huɗu, ya miƙa mata wayarsa.

"Kira shi. Ni zan fara ba shi haƙuri, ke ki biyo baya."

Da la'asar Ɗigo Uku ya zo, ya durƙusa ya gaida Mama, ya karɓi hannun Yaya ba tare da ya bar shi ya gama magana ba. Auta ta ɗauki 'yar takardar ta bi shi baranda, daidai inda ta yi shirun.

"Na faɗa musu. Duka."

"Yaya ya gaya min." Ya juyo ya dube ta. "Sha biyar, Auta? A rufaffen ɗaki?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Zanen fa?"

"Ban miƙa ba. An ba wani."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya karɓi 'yar takardar daga hannunta, ya shafe lanƙwasarta a kan gwiwarsa, ya zaro biro daga aljihun farar rigar. A ƙasan ƙa'idoji huɗun ya ƙara layi ɗaya, ya mayar mata.

Ta goge ido ta karanta: In kin yi kuskure, ki faɗa a ranar.

"Wannan a bangon gidanmu za ki manna," ya ce. "Saitin idona ni ma."