Wace Ce Zuma?

Tun da cikin matarsa ya shiga wata bakwai, direban nan ya zama likitan ƙarfi da yaji. Ya ɓoye gishiri a saman kabad, ya hana ta ɗaga ko bokiti, kullum kafin ya fita aiki sai ya danna ƙafarta da yatsa ya ga ko kumburin ya sauka.

"Yau ma kaina na sarawa," ta ce masa da safe.

"To babu zama. Ciwon kai da kumburi ga mai ciki ba abin wasa ba ne. Ga katin inshorar da kamfani ya yi mana, Mama ta raka ki asibiti, ni oga na jirana."

Mama ita ce mahaifiyarta, ta zo duba ta na kwana biyu. Tana son 'yar nan kamar ranta, surukin ne dai har yau take yi masa kallon hadarin kaji.

A asibiti nas ta auna ta, ta ce jini ya hau. Ta umarce ta da ta rage gishiri, ta huta, ta sha magani a kan lokaci, in ta fara gani dishi-dishi kuma ta dawo da gudu. Sai da suka je tagar karɓar magani aka yi ta. Ma'aikaciyar ta dubi katin shaidarta, ta dubi kwamfuta.

"Baiwar Allah, ba ke ba ce a inshorar nan. Matar da ya yi wa rajista sunanta Zuma."

Mama ta dafe ƙirji. "Wace ce kuma Zuma?"

Yarinya ta sunkuyar da kai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce Zuma. Sunan da yake kiranta da shi ke nan in sun rufe ƙofa, amma da wane baki za ta faɗa wa uwarta haka a gaban layi? Sai hawaye. Mama kuwa ta fassara hawayen yadda ta ga dama.

"Na sani, wallahi na sani. Ke kina fama da cikinsa, shi yana can yana yi wa wata kati. Gidana za mu wuce, auren nan ya ƙare."

Ta sayi maganin da kanta, ta tasa 'yarta a gaba. Yarinya ta yini a ɗakin uwarta tana kuka, tsoron rabuwa da mijinta ya fi ciwon kan damunta.

Da la'asar sai ga direba, ko rigar aiki bai cire ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ba dogon zance nake so ba," in ji Mama. "Wace ce Zuma?"

Gumi ya karyo masa. Ya sosa ƙeya, ya dubi silin.

"Mama... ai ga ta nan bayanki."

"Wa?"

"Ita ce. Sunanta na gaskiya sunan marigayiya mahaifiyata ne, bakina bai taɓa iya faɗarsa ba. Da aka ba ni fom hannuna ma ya ƙi, sai na rubuta wanda nake kiranta da shi. Ban san sai ya yi daidai da na katin shaida ba."

Mama ta waiga. 'Yarta ta cusa fuska a matashi, kafaɗunta na rawa – dariya ce ko kuka, oho. Tausayin yaron ya kama tsohuwa, kunya ma ta kama ta.

"Kai dai an yi sakarai," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Allah ya ji ƙan mahaifiyarka. Gobe da ni za a je ofishin inshorar nan, ni zan rubuta sunan tunda ni na haife ta."

Haka aka yi. Ta rubuta, aka ɗauki hoton katin shaida, kuma ba ta tashi ba sai da ta tsare ma'aikacin ya lissafa mata abin da inshorar ta ɗauka: awo, magani, haihuwa, har tiyata in ta kama. Bayan wata biyu aka sauka lafiya, aka sami mace.

Zargi ba ya gina gida, kuma takarda ba ta san kunya ba: abin da aka rubuta shi take bi. Da Mama ta ƙi sauraro ranar nan, da jikarta ta buɗe ido a gidan da babu uba.