Katin da Ya Ƙi Karɓar Direba

Tun yamma har dare Injiniya yake fama da kwamfutar da ya haɗa wa wani mai ɗaukar hoto. Daga sabunta mata tsarin aiki, sai katin hotonta, wanda ke fitar da hoto a allo, ya ƙi karɓar direba, wato manhajar da ke tashinsa. Ya goge, ya sake saukewa, a banza. Gobe mai ita zai zo, kuma da sunan sabo aka sa masa katin, alhali a tarkacen wani shago da ya ƙone Injiniya ya tsinto shi.

Yana cikin tsaki sai ƙaurin ƙonanniyar waya ya cika shagonsa. Wani mutum ne tsaye a bayansa, ko sallama babu.

"Cire min katina," in ji mutumin, muryarsa a shaƙe.

"Katin uban wa? Mun tashi, malam, kama gabanka!"

Ya juya ya sake gwadawa. Allon ya ɗauke ya yi baƙi, kamar yadda yake yi in direba na shiga. A cikin baƙin gilashin ya ga fuskarsa, ya ga ƙofa da sakatarta yadda ya sa ta, amma babu kowa a bayansa.

Ya fizge wayar wuta daga bango. Fankar katin ta ci gaba da juyawa.

Wani hannu mai zafi kamar garwashi ya sauka a kafaɗarsa, toka na zuba daga yatsun.

"Saboda shi na koma cikin wutar," in ji muryar. "Kai za ka cire, ko ni?"